Taikin Iri

Jaki ɗaya gare mu a shekarar da muka gudu daji, shi ma tsoho ne mai gyambo a baya. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce me ya hana mu kwashe komai da kowa. A gidan akwai ni da maigida, da ɗanmu mai kiwon awaki, da ƴar da na yaye ba da daɗewa ba, sai uwar maigida, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun ina da cikin ƴar.

Bazara ce, hadari na haɗuwa yana watsewa. Wani maƙwabcinmu ya dawo daga kasuwar Tasawa da hantsi, ko kaya bai sauke ba ya ce mahara sun fito daga gabas, suna ƙone rumbuna suna kama mutane. Garinmu ba ganuwa, shingen ƙaya ne kawai. Dattawa suka yanke a yi arewa, dajin wajen Issawane, a zauna can har abin ya wuce.

Wanda bai taɓa haɗa kayan zaman daji ba zato yake kwasa ce kawai. Ina! Duk abin da ka ɗauka, wani ka bari. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na shiga tarawa. Salkar ruwa na fara jiƙawa, don ta bushe ta ƙandare, in aka cika ta a haka tsagewa take yi. Na ɗauki ƙaramar tukunya na bar babbar da na zo da ita gidan miji, har yau tana raina. Na sa gatari, na sa doguwar igiya da guga, don rijiyoyin can zurfi gare su. Ƙyastu da ƙanƙara maigida ya zuba a ƴar jakar fata ya rataya a wuya, ya ce ko me zai ɓace ban da wuta. Geron da ya rage a rumbu ba shi da yawa. Na daka na yi dawo, na ƙulla kuka da daddawa da ɗan gishiri a tsumma, na cusa ɗan akushin ƴata a cikin tukunya, don ba ta cin tuwo sai a cikinsa.

Duk wannan Inna, haka nake kiran uwar maigida, tana zaune bakin ɗakinta tana aikin baki. Dama ni da ita ba ma shan inuwa ɗaya. Ɗaurina bai yi ba, igiyata ta yi sako-sako, wai ko akuya ta fi ni dabara. Ana cikin wannan hidima ta ce in je bayan gari in tatso mata nonon tumfafiya, za ta shafa a gwiwa. Wallahi na ji kamar in fasa kuka. Mutane na gudun ransu, ita gwiwa ce ta dame ta. Na je ina gunaguni, na karya ganye na tara mata a sakaina, na zo na dangwarar gabanta.

Irin shuka kuwa a hannunta yake. Tun kaka ita ke zaɓar zangarniyoyi masu cika, a rataye su a ɗakinta inda hayaƙi ke bugunsu, ba mai taɓawa. Ta sa jikanta ya sauko da su, ta sussuke, aka cika taiki guda, buhun nan na fata.

Wajen ɗora kaya magana ta tsaya. Salka a gefe ɗaya, taiki a ɗaya gefen, da maigida ya ɗaga Inna ya aza bisa sai jaki ya durƙusa. Aka tashe shi, ya sake durƙusawa. Ruwa ba ya baruwa. Saura ita ko iri.

Maigida ya kama kwance taiki, ya ce a binne shi bayan ɗaki. Inna ta ce mahara da mashi suke sokar ƙasa, abin da suka rage kuma gara ta ci. Ya ce to zai goya ta. Ta tambaye shi wa zai ɗauki abinci da gatari, tun da ni ga goyo ga tukunya. Ya tsuguna gabanta yana hawaye, ƙato da shi.

Ta ce, "Kai, tashi. Ni an riga an girbe ni. Ɗora iri."

Sai ta ce a mayar mata da taikin ɗaki ta ɗinke bakinsa da kanta, don ba ta yarda da ɗinkina ba. Ta saki asabari, ta daɗe a ciki. Da aka fito da shi ta kira ni, ba ta kalli ɗanta ba.

"Ke yarinyar nan, kada a kwance bakin nan sai ƙasa ta jiƙa."

Na ce, "To, Inna."

Na cika mata randa, na ajiye mata dawo kusa da hannu. Ta gutsura ta ce bai daku ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan da ita.

A daji muka kafa bukkoki gindin aduwa. Mun zaci zaman ba zai yi tsawo ba, sai ya yi. Dawo ya ƙare, gari ya ƙare, muka koma anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwa ake iya ci. Manya na haɗiyewa, ƴata kuwa cikinta ya ƙi. Ta rame har kuka ya daina fita. Maƙwabta duk suka kwance irinsu suka daka, ina jin ƙarar turaben da suka sassaƙa.

Wata safiya na ɗauki wuƙa na ce wa maigida zan buɗe. Ya juya mini baya, bai ce a'a ba. Ina yanke zaren wari ya buge ni. Geron ya dunƙule da toka, yana danƙo a hannu. Nonon tumfafiyar da na tatso ne, ba gwiwar da ya gani. Na ɗebi tafi guda na wanke da ruwan shanmu, na sake wankewa, na watsa wa kazar maƙwabciya. Kafin la'asar kaza ta miƙe ƙafa.

Na zauna a ƙasa na zagi tsohuwar nan, zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ta san ɗanta mai taushin zuciya ne, ni ma ta san ni sarai. Ta san za mu buɗe. Ƴata ta rasu kafin ruwan fari, aka binne ta nan gindin aduwa.

Da ruwa ya sauka muka koma. An ƙone rabin gari. Inna aka same ta kusa da randa, ta ja jiki har can, randar ba ko ɗigo. Maza suka yi mata sutura, ni ban leƙa ba.

Muka yi shuka, kuma geron ya fito, ko rami ɗaya bai ƙi ba. Waɗanda suka cinye nasu suka yi ta zuwa da ƙoƙo, muna ɗiba musu. Har yau geron garinmu daga taikin nan ya fito, in an tuna Inna sai a yi ta sa mata albarka. Ni ma in an yi addu'a ina shafawa, amma zuciyata ba ta gama sakinta ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Ran da na tuƙa tuwon sabon gero na zuba wa maigida, na zuba wa ɗana, na ciro ɗan akushin na zuba a ciki, don hannu ya saba. Sai da na ajiye shi a kan tabarma na tuna. Na jawo shi na cinye, nata da nawa, don yunwa nake ji.