Kwamfuta a Gindin Randa

Ƙanena ya rasu ya bar wani aiki a kwamfutarsa bai ƙarasa ba. Yana harhaɗa abin da suke kira kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'ura, don tsofaffin kwamfutocin makarantar da yake koyarwa a Ikara su sake tashi. Bayan sadakar arba'in na ce ni zan ƙarasa, ni kaɗai. A shagona na gyaran waya ya fara taɓa kwamfuta. Ban ga wanda ya fi ni cancanta ba.

Umarnin yana rubuce a littafinsa. In na buga, sai rubutu ya yi ta gudu a allo, can sai komai ya tsaya cak. In na sake, kwamfutar ta tsaya a wani wurin daban. Na goge, na sauko da sabon kwafi, na rage zaɓuɓɓukansa. Kwana tara ina fama, ban faɗa wa kowa ba.

Sai wani abokinsa daga Makarfi ya zo gaida Inna, ya tarar da ni a kai.

"Yaya, wuri ɗaya take mutuwa, ko canzawa take?"

"Canzawa."

"To ba rubutun ba ne, zafi ne. A kan tabarma ka ajiye ta? Da marigayi yana nan, da yau ka sha tsiya." Ya fara dariya, ya haɗiye. "Gindin randa yake kai ta, ya ɗora kan bulo biyu a yashin nan mai danshi. Yakan ce gimbiya ce, ba ta aiki sai an yi mata fifita."

Ban taɓa jin wannan barkwancin ba. Kwano ɗaya muka ci tun yarinta, amma sai daga Makarfi za a zo a faɗa mini yadda yake wasa.

Ya ce bari mu gwada tare. Na ce ya je kar ya rasa mota. Ya dube ni, ya sa takalminsa.

Na kai ta gindin randa. Kafin la'asar ta ƙarasa ba tangarɗa.

Sai bayan kwana uku na iya kiran abokin nasa, na faɗa masa ta ƙarasa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya fashe da kuka. Na riƙe wayar ina jira ya gama, ina jin haushin har kukan ma ya fi ni iyawa.