Inna Hajo Mai Ruwan Bagaruwa

Kullum da hantsi Inna Hajo ta Tudun Wada takan tafasa bagaruwa da ganyen gwaiba da kanumfari, ta barbaɗa gishiri. In ya huce, masu ciwon dasashi su zo da kwalabensu, su tafi gida su riƙa kurkure baki. Shekara talatin ke nan. Bana idonta ya yi rauni, ta ce ta huta, ni kuwa zuciyata ta ƙi yin shiru.

Ishatu, matar Kailani leburan reluwe, ba ta rabuwa da furen taba da goro. Jan da suke bari a baki shi ya ɓoye mata jini wata da watanni, har haƙoranta huɗu na gaba suka soma girgiɗi. Ran da kumburi ya hana ta cin tuwo, Kailani ya kira Ɗantsoho wanzami don ya cire haƙoran. Hajo ta shigo ta tarar an riƙe kan Ishatu, awartaki a hannun wanzami.

"Ɗantsoho, ajiye ƙarfen nan."

"Inna, sana'ata ce fa. Ko kin koma aski?"

"Tsaya a askinka. Yarinya 'yar shekara ashirin za ka mayar kakarta?"

Kailani ya ce, "In abin ya ƙaru fa, Inna?"

"Ba ni kwana bakwai. In zazzaɓi ya shigo, ni da ƙafata zan kai ta asibiti."

Ta faɗa ne ba tare da tabbas ba, don ta ga mugunya a dasashin. Ta hana fure, ta hana goro, ta sa kurkura bayan kowace salla. Rana ta uku kuncin ya ƙara tashi, Kailani ya daina amsa gaisuwarta. Hajo ba ta fasa zuwa ba, tana taɓa goshin Ishatu tana addu'a a zuci. Rana ta biyar kumburin ya sace. Haƙori ɗaya ya faɗi, uku suka kafu.

Ke ce, Inna, mai tsayawa tsakanin ƙarfe da baki. 'Yan'uwana da muka yi boko, ku ɗauki fensir ku je ku durƙusa gabanta, ku koyi haɗin, ku koyi sanin ranar asibiti.

Mun gode, Allah ya saka miki. Har yau in an yabe ki kan ukun nan, sai ki sunkuyar da kai ki ce, "Ai huɗu ne."