Katifun Aro a Asibitin Ƙauye

Ɗiyar ƙanwata ta rasa ɗanta na fari a kan hanya, a bayan babur, saboda kwalbatin ƙauyensu ya karye, asibitinsu kuma babu mai karɓar haihuwa. Bana ga ta da wani cikin, wata takwas, kwalbatin na nan yadda yake. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan. A rediyo na ji cewa kwamitin 'yan majalisa zai zaga ƙananan asibitoci da hanyoyin yankinmu, ya ga abin da gwamnati ta yi da kuɗin da aka ware, kuma ƙauyen da take aure, can bayan Sabuwa, yana cikin inda za su. Ni sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma na riƙe abu ɗaya daga can: ɗan majalisa ɗan aike ne, aikinshi ya tsare gwamnati da tambaya.

Mun tashi da asuba, ni da wata abokiyar karatuna, amma tashin namu a tashar Ƙanƙara ya tsaya. Yanzu babu direban da ke ɗaukar hanyar Sheme sai rana ta fito, an ga motocin farko sun shigo lafiya. Aka cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direban ya ɗora laifin a kan mai, da ramuka, da shingaye, bai bar wa kanshi ko kaɗan ba.

Ƙarshen damina ne, masara ta bushe a tsaye, dawa ta fitar da kai. Gonakin bakin hanya cike suke, na can nesa ciyawa ta cinye su, babu wanda ya tambayi dalili. A Ruwan Godiya muka tsaya muka karya da ƙosai mai zafi da fura. Nonon wurin ba a yi mashi ruwa ba, wannan kam na shaida.

Nan wani dattijo ya shigo motarmu da ƙullin garin kwaki da ƙuli. Funtuwa za shi, wurin ɗanshi da ke tsare tun kakar bara kan rikicin iyakar gona, har yau ba a kai shi gaban alƙali ba. Na ce ko ya kai kuka ga ɗan majalisa, tunda su ke da ikon kiran masu shari'a su tambaye su. Ya ce sun ma haɗu a wurin wata jana'iza, sun gaisa, har ya tambaye shi iyali. Ya ce mashi lafiya lau. Wai ina shi ina gaya wa babban mutum a cikin jama'a cewa ɗanshi na gidan yari. Na ɗauka wannan hali nashi ne shi kaɗai.

A Mairuwa abokiyar tafiyata ta sayi soyayyen kifi, ta yi ta ciniki kamar za ta sayi dam ɗin garin gaba ɗaya. Muka sake mota a Funtuwa, muka bi ta Ɗandume, muka isa Sabuwa bayan azahar. Garin rake ne, ko'ina ka taka ɓawo. Daga nan sai babur.

Tun kafin mu isa ƙauyen na ga abin da ya ɗaure mani kai. Samari sun yi gayya a bakin kwalbatin, suna jera buhunan yashi, suna zuba marmara a kai suna daddaɓewa. Ɗan acaɓan ya ce tun shekaranjiya ake yi, manyan baƙi za su zo gobe.

Asibitin ma haka. An shafe shi da farar ƙasa. Gadajen ƙarfe da suka shekara babu katifa, an kwaso katifun amare an shimfiɗa masu, har da zannuwan gado masu fure. An aro kwalayen magani daga kemis an jera a kanta. Inda rufi ke yoyo a ɗakin haihuwa an buga atamfa an rufe. Aka ce ƙaramar hukuma ma za ta turo ma'aikaciyar jinya ta yini ɗaya.

Surukin ɗiyar ƙanwar tawa shi ne mai unguwa, shi ya sa aka yi aikin. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, waɗannan mutanen ciwo suka zo gani. Kun rufe, me za su gani?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ashe bokon naku bai koya maku karɓar baƙo ba? Mutum ya taso tun daga Katsina, ka tare shi da tsiraicin gidanka?"

Ba mugun mutum ba ne. Ya yi imani in aka karrama baƙo, shi da kanshi zai ji nauyi ya yi alheri. Na kwana da shirin abin da zan faɗa.

Da hantsi suka iso, motocinsu suka haye kwalbatin ko girgiza babu. Zan faɗi gaskiyarsu: sun yi tambaya. Akwai wata Hajiya a cikinsu da ta sa jami'in ma'aikatar lafiya a gaba, tana so ta san ina aka kai kuɗin gyaran rufi, kuma ma'aikaciyar jinyar nan a ina take kwana. Jami'in ya yi ta share zufa. Sai ya nuna ɗakin da hannu, ya ce ai gani ya kori ji. Hajiyar ta shiga, ta duba kantar magani, ta danna katifa, ta fito. Ta fuskanci jama'a ta ce akwai matsalar da suke son a kai gaba?

Maza suka amsa baki ɗaya: "Alhamdu lillahi, sai godiya."

Ina can baya cikin mata. Na yunƙura zan miƙe, sai na ji an riƙe mani gefen zane. Yarinyar ce, da ƙafafunta a kumbure. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Inna, don Allah. Ke gobe kina Ƙanƙara. Ni a nan nake aure."

Na koma na zauna. Duk wanda ya san ni ya san ba a rufe mani baki, amma ranar an rufe.

Aka ci tuwon shinkafa da miyar zabi, aka cika masu bayan mota da rake, suka tafi tun kafin la'asar don hanya. Ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba aka fara ɗaukar katifu a ka ana mayarwa gidaje. Mai kemis ya zo ya kwashe kwalayenshi. Ma'aikaciyar jinya ta hau babur. Na roƙi mai unguwa ya ba ni yarinyar ta haihu a wurina. Ya ce goyon ciki na haihuwar fari ne, kuma tunda manya sun zo sun ci abincinsu, gyara na nan tafe. A daren aka yi ruwa. Da safe da za mu fita, buhunan yashin sun bi rafi, sai da muka tuɓe takalma muka tsallaka da ƙafa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Kifin Mairuwa ma bai shiga raina ba. Mun shigo Ƙanƙara ana kiran la'asar.

Da can ina cewa duk laifin na masu mulki ne, kuma har yanzu ban sauke masu nasu ba. Amma ɗan majalisa ba ya kama gwamnati da abin da bai gani ba. An aiko mai tambaya har ƙofar gida, ta tambaya, mu da kanmu muka tsaya wa jami'in shaida. Kunya ado ce a gaban suruki. A gaban mai bincike kuwa, rai take ci.

Washegari da sassafe na yafa gyale na tafi ofishin ɗan majalisar mazaɓarmu. Na zauna a benci cikin masu neman taimako har layi ya zo kaina. Sakataren ya ce, "Hajiya, me ake buƙata, na asibiti ko na makaranta?"

Na ce, "Ba karɓa na zo yi ba. Ka gaya wa mai gidanka ya gaya wa kwamitinsu, abin da suka gani a bayan Sabuwa aro ne, an riga an mayar. Su koma, kada su sanar da kowa, kada kuma a ce daga bakin wa aka ji. Akwai yarinyar da saura mata wata ɗaya."

Ya ce mai gidan sai azahar yake shigowa. Na gyara zama na ce ina nan.