Ranar da Aka Kifar da Gansakukar 'Yata

Har yau in na ga gansakuka a bakin kwata sai raina ya ɓaci, kuma kada wanda ya ce mini in yi haƙuri.

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru lokacin. Aikin kammala karatunta shi ne ta raini gansakuka a ruwa, sannan ta raba ta da ruwan a busar a yi abincin kifi. Ba irin mai kauri ta bakin rijiya ba, wata ce mai laushi kamar an kaɗa kuka, ko mataci ba ya kama ta. Ɗakin gwajinsu ya cika, sai ta kawo duro huɗu gidan hayarmu a Jushi, ta jera inda rana ke bugawa.

Ni da ban shiga aji ba sai da na yaye autana, na zauna na ga abin da idona. Ta ɗebi ruwan a bokiti, ta tsoma farantan alminiyon biyu, ta haɗa su da batirin mota. Sai kumfa ta fara tasowa daga jikin ƙarfen, koren ya dunƙule ya hau sama, ruwan ƙasa ya koma garau. Ta kwashe da ludayi. Ta ce kowane duro da irin takin da ta zuba masa, sai ta gwada huɗun ta kwatanta, in ba haka ba babu aiki. Na nemo fenti na rubuta a jikin kowanne da hannuna: KADA A TAƁA. Baƙaƙen sun karkace, amma suna karantuwa.

Sai sunan jikar mai gidan ya taso. A gidan haya kowa ya san al'ada, in biki ya zo, duk duro da baho na tsakar gida na biki ne, ba a tambaya. Shi ya sa na je na gaya wa Hajiya, matar mai gidan, baki da baki, kada a taɓa mana duro. Ta ce, "Ba komai, Maman yara."

Ana gobe suna na dawo daga kasuwar Sabon Gari, na tarar da tsakar gida kore shar, ruwa na gudu kwata. Mata sun kifar da uku suna dirza da soso.

Na ce, "Uban wa ya ce ku taɓa?"

Hajiya ta ce, "Haba Maman yara, ruɓaɓɓen ruwa ne fa. Taimakonki muka yi."

"Ba ku ga rubutu ba?"

Ƙanwarta, wadda ta fi mu duka boko, ta kwashe da dariya. "Au, rubutu ne? Na ɗauka kaza ce ta yi tono."

Na zubar da kayan miyan da na sayo, na fizgi muciya na tsaya gaban duro na huɗu. Na ce wadda uwarta ta haife ta da kyau ta matso. Babu wadda ta matso. Ina nan tsaye har 'yata ta dawo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon kwatar, sannan ta ce, "Mama, ajiye muciyar. Ɗaya ba ya yi."

Daga wannan duron ta ɗebi iri ta sake zubawa, amma gansakuka ba ta san ana sauri ba. Kafin ruwan ya yi kore, lokacin miƙa aiki ya wuce. Abokan karatunta suka tafi bautar ƙasa, ita tana tsugune gaban bokiti tana jiran wata shekara.

Ranar sunan Hajiya ta aiko mini da shinkafa da nama. Na mayar mata da kwanonta yadda ya zo. Maƙwabta suka yi ta cewa na cika riƙo, ai ruwa ne kawai. To, ruwa ne. Shekarar yarinyar fa, ita ma ruwa ce?

Mun tashi daga gidan, mun koma Hanwa. Duron nan yana ƙofar ɗakina da karkataccen rubutuna a jikinsa. Ba na ba da aronsa, ko makoki ake yi.