Hadarin Rawayau a bakin teku

Daminar da nake shekarar ƙarshe a jami'a a Dutsin-Ma, malaminmu na ilimin yanayi ya koya mana duba hotunan tauraron ɗan'adam. Na'urar ba launi take gani ba, zafi da sanyi take aunawa. Gajimaren da ya yi tsawo ƙwarai, samansa sanyi ne ƙalau, sai ya fito fari fat a hoton. Malamin ya ce wani hadarin da ke ratsa ƙasarmu yakan nausa yamma har teku, in ya tarar da ruwa mai ɗumi ya soma juyi, ya rikiɗe mahaukaciyar guguwa.

Ranar Juma'a na tafi gida Rawayau. Na iske Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa na miƙa masa wayata.

"Baba, kun ga farin dunƙulen nan? Da alama hadarin da ya sauke muku ruwa ranar Litinin ne. Ga shi ya kai bakin teku."

Ya aje fartanyar, ya ƙura wa hoton ido.

"Wanda ya kwantar mini da gero? Ke 'yar nan, har can ya kai? To me ya je yi?"

Na ce in ya ci gaba da murɗewa, har rami ya buɗe a tsakiyarsa kamar ido, to ya zama guguwa, tana iya rusa garuruwa a ƙetaren teku.

"Subhanallahi! A ce daga wajenmu ya fito?"

Da na koma makaranta, kullum da hantsi sai ya kira ni, shi da bai saba kiran kowa ba. "Ina labarin mutuminmu?" Ni kuma in buɗe sabon hoto in faɗa masa. A kwana na uku hadarin ya soma lanƙwasa kamar lauje, Baba ya ce zai sa liman ya yi addu'a. A na biyar farin ya dusashe, dunƙulen ya watse a tsakiyar teku.

Da na faɗa masa a waya, Baba ya yi dariya har da tari.

"Alhamdulillahi. Na san ba zai ba mu kunya ba."

Inna ta karɓe wayar, ta ce tunda an gama da hadari, a bar ta ta ji ko ina cin abinci.