Ranar da Mai Ludayi ta Kwance Injin Ban Ruwa

Shekara goma sha takwas ta yi tana sayar da abinci a bakin garejin masu gyaran ƙananan injuna, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Ludayi. Teburinta na jingine da bangon garejin, tsakaninta da bencin da ake kwance janareta bai fi taku biyar ba. Hannunta na zuba abinci, kunnenta na can wajensu. Ta ji ana tsine wa fulogi, ta ji ana musu a kan kafireta har jijiyar wuya ta tashi. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe sifana ba. In ta ce za ta sa baki, sai makanikai su kwashe da dariya su ce, "Mai Ludayi, ke dai ƙaro mana miya."

Da gwiwoyinta suka fara ƙin tsayuwa, mijinta Malam kuma ya yi ritaya daga koyar da lissafi, sai suka koma ɗan lambun da suka mallaka a bakin rafi. Tumatir, albasa, kabeji, da injin ban ruwa ɗan ja mai shan fetur. Duk watannin da aka yi ana ruwan sama, injin na ajiye a rumfa babu wanda ya waiwaye shi.

Ruwa ya ɗauke, suka dasa tumatir kunya goma sha biyu. Washegari da safe Malam ya jawo injin bakin rafi, ya ja igiya. Ya tashi kuwa, yana ta ƙara lafiya lau. Amma da ya ɗauki ruwa sai muryarsa ta dusashe, ya dinga tari, ruwan da ke fita daga tiyo bai fi na bakin buta ba. Can sai ya yi shiru.

Malam ya gyara tabarau, ya zaro littafin injin daga aljihu. "Maman yara, a nan sun ce a kai wa ƙwararre."

"Ƙwararren yana cikin gari, Malam, kuma yau ba ya buɗewa. Dubi dashen nan, kafin gobe sun kwanta."

Ta tsaya tana kallon injin, sai ta ji wani abu yana tsuma ta tun daga tafin ƙafa. Ta ɗaure zani tamau, ta ce, "Miƙo mini jakar sifanun da aka haɗo mu da ita."

"Ke?"

"Ni fa."

Ta zauna a kan bokitin da ta kifa. Ta fara da fulogi, don da shi ta ga ana farawa. Da ƙyar ya kwance, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta goge shi da tsohon buroshi, ta mayar. Malam ya ja igiya: ya tashi, ya ɗauki ruwa, ya shaƙe. Ta buɗe gidan iska, ta ciro soson, ta wanke shi da sabulu, ta shanya a kan dutse. Ta zubar da tsohon fetur ɗin a gwangwani, ya yi ja yana wari, ta zuba sabo. Har kafireta ta kwance, tana jera kowace ƙusa a kan farin ƙyalle don kada ta manta mazauninta. Ta hure ɗan ramin da mai ke bi har ta hango haske ta ciki.

Maƙwabcinsu na lambu, wanda ake kira Dogo, ya leƙo ta kan shinge. "Yaya, yau kuma inji ake dafawa? A sa mini nawa da yaji."

"Za ka ci har ka bari, ƙanena," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta haɗa komai. Aka ja igiya. Ya ɗan fi ɗazu, amma da ruwa ya hau sai ya sake rarrafe. Gumi ya jiƙe mata baya, rana ta ɗago, ganyen dashen ya fara sunkuyar da kai. Malam ya rage murya ya ce, "Kin yi ƙoƙari, wallahi. Mu ɗebo da bokiti."

"Tsaya," ta ce. "Bar shi yana yi."

Ta ƙirga da yatsu. Ya samu mai. Ya samu iska. Ya samu wuta. To me ya rage? Sai ta tuna babban makaniken garejin, yadda yakan kara tafin hannu kusa da bakin salansa ya lumshe ido kafin ya taɓa komai. Ta miƙa nata hannun. Maimakon hayaƙi ya dinga dukan tafinta, sai wani ɗan huci mara ƙarfi, kamar numfashin mai mura.

Ta yi tsalle ta miƙe, ta manta da gwiwa. "Malam! Yana ci, ba ya fitarwa! Kashe shi, kashe shi!"

Jiran salansar ta huce ya fi mata komai wuya. Ta dinga zagaye injin tana yi masa fifita da murfin tukunya. Da ta huce ta kwance ƙusoshi biyu, ta ɗaga ta sama ta leƙa. Dariya ta kece mata har da hawaye.

"Zo ku ga masu haya!"

Zanzaro ne ya gina gidansa na laka a ciki, ɗaki bisa ɗaki, zafin injin kuma ya gasa lakar ta zama kamar tubali, ya bar ƙofa ba ta fi ta allura ba. Dogo ya tsallako shinge don ya gani da idonsa. Ta sa waya ta dinga sakata, tana bubbugawa a dutse, laka da baƙar toka na zubowa, har ta hura ta ji iska ta wuce salin-alin.

Ta mayar da salansar ta ɗaure. Wannan karon ita ta kama igiyar. Ja ɗaya, injin ya yi wani ruri da ba su taɓa ji ba. Tiyon ya kumbura, ya fizge daga hannun Malam, ya dinga wutsil-wutsil kamar maciji, ya wanke shi tun daga tabarau har takalmi. Littafin injin ya bi ruwa. Malam na tsaye sharkaf yana tafi yana ihu, "Maman yara! Maman yara, kin ci jarrabawa!" Ita kuwa tana bin tiyon da gudu tana kururuwa, Dogo na riƙe da ciki ya kasa magana. Kafin azahar kunya goma sha biyu sun sha sun ƙoshi.

Kwana biyu bayan haka Dogo ya turo injin feshinsa a baro, yana sosa ƙeya. Bayansa wani mai aski ya kawo janareta. Yanzu akwai benci a rumfar lambun, da sifanu a rataye kan ƙusoshi, Malam ya rubuta lambar kowanne a ƙasansa da alli. Ba duk aiki take karɓa ba. In ta ja igiya ta ji ta zo sakwaf babu nauyi, takan ce wannan ciwon cikin inji ne, a kai gari, ba ta kai nan ba tukuna. Amma ta samo wani mataccen inji a wajen masu gwangwan, kullum da yamma in an gama ban ruwa tana farke shi tana haɗawa, Malam na gefe yana karanto mata sunayen sassan tana gyara masa faɗarsu.