Kawu Hudu In-Ji-Wa

Duk wanda ya san Kawu Hudu ya san ba a kai masa labari haka kawai. Ko cewa ka yi, "Kawu, an yi ruwa a Maruta," sai ya sauke tabarau kan hanci ya ce, "In ji wa?" Ni Ɗanlami ɗan ƙanwarsa na fi kowa shan wannan tambaya. Ranar da matata Talatu ta haihu na kira shi a waya yana Abuja, ina rawar jiki. Ya ce, "In ji wa?" Na ce, "Haba Kawu, ga jaririn a hannuna!" Ya ce, "Majiya ɗaya ke nan. Ba ni ungozoma."

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana rubuta wa jarida labarin siyasar ƙasa, tun zamanin soja, lokacin da aka rufe shi don ya ƙi faɗin wanda ya tsegunta masa wani labari, har ya koma ɗauko rahoto daga majalisa. Ni kuwa na mai da sunansa rigar ado. A teburin mai shayi na Gwaram nakan ce, "Kawuna da shugaban ƙasa kwano ɗaya suke ci." Da ya ce zai zo gida, na tara abokai a bakin titi mu tarbi jerin motoci, har da mai kalangu. Sai ga wata tsohuwar bas daga Birnin Kudu tana tari. Kawu ya sauko daga kujerar baya, bayan ya miƙa wa wata tsohuwa kajinta da ya riƙo a cinya. Na matsa na ce a hankali, "Kawu, ina motar?" Ya ce, "Ga ta nan. A cikinta ake jin halin da ƙasa ke ciki, ba a bayan baƙin gilashi ba." Mai kalangu ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, in buga ko in bari?"

Sai maganar rago, wayyo ni! Wata Babbar Sallah wani sanata ya aiko masa da rago fari tas, ƙato kamar maraƙi. Kawu bai iso ba tukuna, ni na karɓa. Na ba shi dusa, na yi masa wanka, har na yi wa Talatu alkawarin kai da ƙafa. Kawu na zuwa ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Mayar." Na ce, "Kawu, dabba ce fa, ba ta san siyasa ba!" Ya ce, "In na ci shi, duk ranar da na ɗauki biro sai ya yi kuka a cikina." Haka na ɗaure shi a babur har gidan sanatan a Birnin Kudu, yana zuba mini ƙaho a haƙarƙari, duk ƙauyen da muka ratsa ana yi mini barka da samun rago.

Duk da haka ban yi hankali ba. Na fito takarar kansila a Maruta, na roƙe shi ya ɗan yabe ni a jarida. Ya ce, "Madalla, zauna." Ya kunna rikoda. "Rijiyar burtsatse nawa ce ta lalace a mazaɓarka?" Na ce, "Da dama." "Nawa?" Na gyara hula. "Wace makaranta ce iska ta kwashe wa rufi?" Na ce ai muna kan bincike. Ya kashe rikoda ya ce, "Zan yi maka gatan da ban taɓa yi wa minista ba." Na washe baki. Ya ce, "Ba zan buga ba."

Na sha ƙasa, ba sai an faɗa ba. A akwatinmu ƙuri'a uku na samu, alhali mu biyar muka fita daga gidana. Har yau Talatu ba ta son a tayar da zancen.

Da ciwo ya kwantar da shi bayan ya dawo gida, ni nake kai shi asibiti a Birnin Kudu. Wata rana muna jiran likita, ya kama hannuna, nasa ba nauyi kamar kara. Ya ce, "Ɗanlami, na ga 'yan siyasa iri-iri. Kai kaɗai nake addu'a kada ka ci." Na ce, "Na gode, Kawu." Ya ce, "Da ka ci, da mun rasa ka. Wa zai riƙa ɗauko ni?" Na yi dariya, na kau da kai don kada ya ga idona.

Allah ya jiƙan Kawu Hudu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.